Tambaya da Amsa: Yaya Ake Sakin Balan-balan Ɗin Alama a Ƙarƙashin Ruwa?

Tambaya: Malam, ni ɗan Maraɗi ne, ina koyon nutso da tulun iska idan harkar kasuwa ta kai ni Dakar. An ba ni doguwar jakar nan mai ruwan lemo da malamanmu ke kira farashit. Tsorona kada ta fizge ni zuwa sama. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka gwada.

Aikin jakar shi ne ta riga ka fitowa, masu jirgi da kwale-kwale su san akwai mutum a ƙasa, farfela ba ta bi ta kanka ba. Haɗarin kuwa daga iska yake. A zurfin mita 10, matsin da ke kanka ya ninka na bakin ruwa, don haka iskar da ka hura za ta ninka girmanta kafin ta kai sama. Kowace lita ɗaya ta iska kuma tana ɗaga kilo ɗaya. Jakar tana hawa tana ƙara kumbura, jan ta yana ƙara ƙarfi. Shi ya sa a mita 10 rabi kawai ake cika ta, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku ya isa.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: kada ka taɓa maƙala kwarkwaron da aka naɗe igiyar jakar a kansa a rigarka, kada ka naɗa igiyar a yatsa ko a wuyan hannu. Duk wanda ya ja ruwa a rijiya ya san abin da igiyar guga ke yi wa hannun da aka naɗa ta. Idan igiyar ta sarƙe, sake ta gaba ɗaya, jaka da kwarkwaro su tafi. Mutumin da aka ja sama da gudu, iskar huhunsa na iya yi masa rauni, iskar nitirojin da ta shiga jininsa kuma ta zama kumfa, abin da kan kai ga shanyewar jiki. Hawa lafiya bai wuce kamar mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya ba, kana numfashi ba tare da riƙewa ba.

Kafin ka hura, daidaita kanka har ka tsaya cak a ruwa, ka yi wa abokin nutsonka alama, ka ɗaga kai ka duba babu jirgi ko mutum a samanka. Miƙa hannuwa gaba, igiyar ta yi nesa da bututanka. Danna bututun shaƙa na biyu, wato na ko-ta-kwana, a bakin jakar kaɗan don iska ta shiga, ka janye shi, sannan ka saki. Bar kwarkwaron ya yi ta juyawa tsakanin yatsu biyu. Da ta kai sama, ja igiyar ta miƙe don jakar ta tsaya tsaye, sai ka riƙa naɗewa kana hawa, ka tsaya minti 3 a mita 5.

Kada ka ce za ka gwada a tabkin Madarumfa idan ka dawo gida. Ruwan ba a ganin ƙasa sosai, ga ragar masunta. Fara a wurin wanka mai ruwa garau, malaminka na gefe, da 'yar wuƙar yanke igiya a inda hannunka zai kai.