Fankar banɗakinmu ta cika ƙara, akwai ƙa'ida a kai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mun tare a sabon gida a Lokogoma nan Abuja, banɗakin ɗakina ba shi da taga sai wata fanka a silin mai zuƙe iska. Wallahi in an kunna ta har falo ake ji, dole muka daina kunnawa, gashi yanzu fentin ya fara baƙi-baƙi. Wai akwai ƙa'idar yawan ƙarar da irin wannan fanka za ta yi ne, musamman a gidajen nan da ake cewa na kare muhalli ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Eh akwai ƙa'ida, kuma abin da ya same ku shi ne ainihin dalilin kafa ta. Fanka in ta cika ƙara mutane kashe ta suke yi, in an kashe kuma tururin wanka ba shi da inda zai bi sai bango da silin, daga nan fumfuna ta fito, fenti ya ɓare, mai asma a gidan ya shiga wahala. Wannan baƙin da kika gani fumfuna ce, ga damina irin ta Abuja da iskar kanta danshi ne da ita, kada ki bari ya daɗe.

A Amurka ana auna ƙarar irin wannan fanka da wani ma'auni da ake kira sone. Sone 1 kamar ƙugin firij ne a ɗakin da ba hayaniya, sone 2 kunne zai ji shi ninki biyu, sone 4 ninki huɗu. Ƙungiyar injiniyoyin ASHRAE tana da ƙa'ida mai lamba 62.2, ita ce LEED, tsarin tantance gidaje masu kare muhalli, ya dogara da ita, jihar Kalifoniya ma ta saka ta a dokar gininta. Ta ce fankar da za a bari a kunne dare da rana kada ta wuce sone 1, wadda kuma ake kunnawa a kashe kada ta wuce sone 3. Alamar ENERGY STAR, wadda ake ba kayan lantarki marasa cin wuta, ta fi tsanani, ƙananan fankokin banɗaki sone 2 ne iyakarsu. Amma fa ba shiru kawai ake nema ba, dole ta ja iska, a ƙalla cfm 50 (cfm shi ne ƙafa kubik na iska a minti) in mai kunnawa da kashewa ce, wato kusan mita kubik 85 a awa, ko cfm 20 in ba a kashe ta. A Ingila lita 15 a daƙiƙa suke nema. Waɗannan dokokin can ne, shi kuma tsarin tantancewa na EDGE da ake yawan ambata a gine-ginen nan Najeriya hankalinsa na kan rage wuta da ruwa da iskar kabon da ake fitarwa wajen sarrafa kayan gini da kashi 20 cikin ɗari, toh don an ce miki gida na kare muhalli ne sai ki tambayi wane tsari aka bi, a nuna miki takarda.

In kin je kasuwa galibi dB, wani ma'aunin ƙara na daban, za ki gani a kwali ba sone ba, nan ki kula sosai, ki duba daga wane nisa aka auna don lambar mita 3 ta fi ta mita 1 ƙanƙanta alhali fanka ɗaya ce. Wadda ba a rubuta komai a kanta ba ni dai ba na ba da shawarar a saye ta.

Sai dai kafin ki kashe kuɗi a sabuwa, ki sa mai wayarin ya leƙa cikin silin, don sau da yawa laifin ba na fankar ba ne na ɗaurin ne. Lambar kwali an auna ta ne da iska tana wucewa kusan ba cikas, toh in aka haɗa ta da siririn bututu, ko mai lanƙwasa da yawa, ko irin na roba da ya lotse, injin sai ya ta fama ƙara ta ƙaru iska ta ragu. Bututun ya zama daidai da bakin fankar ko ya fi shi, inci 4 ko 6, gajere miƙaƙƙe har waje. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu ɗaura fanka ba bututu sam, tana watsa tururi cikin silin, katako da fiyofi suna ta shan ruwa ba wanda ya sani. A duba kusoshi ma, in sun yi sako-sako silin ɗin ne zai riƙa jijjiga. Ƙasan ƙofa kuma a bar ɗan fili kamar santimita 2 iska ta shigo.

Ki gwada da kanki, ki kunna ki kara tishu a bakinta, in bai manne ba ba ta jan komai. In kuma shiru kike so sosai akwai wadda ake ɗaura injinta can nesa a tsakiyar bututu, raga kawai ake gani a banɗaki. Bayan wanka a bar ta minti 20, ko a sa mata makunni mai kashe kansa. Sannan in wani zai aiko miki daga Amurka ki tuna nasu bolt 120 ne, namu 230, in aka jona kai tsaye ƙonewa za ta yi.