Na sayi babur na doguwar tafiya, me zan fara ƙara masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Barnawa, nan Kaduna. Watanni biyu da suka wuce Allah ya hore mini na sayi Suzuki V-Strom 650 ɗan kwatano, kuma burina in riƙa fita da shi Zariya, Kano, Jos da Kafanchan, wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci da ƙanena a baya. Abokan hawana sun yi ta ba ni shawara har kaina ya ɗaure: akwatuna uku na alminiyam, fitilu huɗu na ƙari, dogon gilashin gaba, salansa mai ƙara, maƙalin waya, da ƙarafunan kariya. Kuɗin hannuna ba za su ishi wannan duka ba. Da wanne zan fara? Kuma zan iya kai shi Panteka, kasuwar maƙera ta nan Kaduna, a ƙera mini wasu, maimakon in yi odarsu daga waje?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka samu babur mai haƙuri da juriya, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka shiga kasuwa, domin yawancin waɗanda ke zuwa wurina sun riga sun kashe kuɗin, aikina ya koma kwance abin da aka ɗaura.

Kowane babur kamfani ya gina shi ne a kan iyaka biyu: nauyin da zai iya ɗauka, da wutar da injinsa ke samarwa. Duk abin da abokanka suka lissafa maka, daga ɗayan biyun nan zai ci. In ka riƙe wannan, kai da kanka za ka ware abin da ya dace da wanda bai dace ba.

Amma tun da ɗan kwatano ne, kuɗinka na farko na lafiyar babur ɗin ne. Duƙa ka duba gefen taya, za ka ga lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar zuwa shida robarta ta bushe, ko da zanenta na nan raɗau, kuma a ruwan Agusta za ta nuna maka halinta. A duba birki da mansa, a duba sarƙa da haƙoranta, a gwada batir. Sai an gama da waɗannan ake maganar ƙari.

To mu zo kan nauyi. Babura masu girman naka galibi abin da aka yarda su ɗauka bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba, kuma kai mai tuƙi kana cikin lissafin. Ainihin adadin yana cikin littafin babur ɗin. Mu ce kai kilo 80 ne, ƙanenka 65, hulunan kwano da riguna da takalma su ci 10. An tafi 155 ke nan. Akwatuna uku na alminiyam da ƙarafunan da ke riƙe su, ba a sa ko tsinke a ciki ba, suna iya kaiwa kilo 20 ko fiye. Ƙara ƙarafunan kariya a kai. Abin da ya rage maka na kaya ɗan kaɗan ne, ga shi ka sayi manyan akwatuna masu kiran a cika su. Wannan ne ya sa ba na goyon bayan ka fara da su.

Inda aka ɗora nauyin ma ya fi yawansa muhimmanci. Akwatin bayan kujera shi ne mafi daɗin amfani, shi ne kuma mafi haɗari, saboda yana sama kuma yana bayan tayar baya. In ka loda masa kaya, sai ya zama kamar mutum ya danna wutsiyar babur ɗin, gaba ya yi sauƙi, tayar gaba ta rage kama ƙasa. Za ka ji kan babur yana rawa a hannunka daidai lokacin da tirela ta wuce ka da iskarta a hanyar Zariya. Irin wannan mazaunin kaya galibi kilo 10 aka rubuta masa, kuma ina roƙonka ka girmama wannan rubutu. Rigar ruwa, safar hannu, takardu, su ne kayan akwatin sama. Sifanu, ruwan sha da duk wani abu mai nauyi su sauka akwatunan gefe, can ƙasa, a matso da su gaba, kuma hagu da dama su yi daidai. Ni da zan zaɓa maka, jakunkunan gefe na tamfol marasa shan ruwa zan ce ka fara da su. Sun fi sauƙin nauyi da kuɗi, kuma in an faɗi ba sa karya ƙafa yadda kusurwar akwatin ƙarfe kan yi. Sai dai ka lura salansar V-Strom tana gefen dama, dole a sa ƙarfen da zai raba jakar da ita, in ba haka ba zafi zai narkar da ita.

Duk ranar da ka ɗauki ƙanenka da kaya, abu biyu za ka taɓa kafin ka tashi. Akwai maƙunnin da ake murɗawa da hannu a gefen babur ɗin don ƙara wa shokar baya ƙarfi, murɗa shi har bayan ya daina zama ƙasa. Sai iskar taya: a wannan babur, a ma'aunin PSI, 33 ce a gaba, 36 a baya in kai kaɗai ne, 41 in kuna biyu. A auna da safe taya na sanyi, kuma ka mallaki ma'aunin kanka, don na masu faci a bakin titi sau da yawa ya gaji.

Abin da nake so ka fara saya shi ne kariya. A V-Strom 650 matatar man inji da bututun salansa suna zaune a fili bayan tayar gaba, kuma tsakanin cikinsa da ƙasa bai wuce santimita 17 ba sosai. Dutse ɗaya da taya ta cillo, ko tudun rage gudu da ba ka gani ba a wani ƙauye a hanyar Kachia, ya isa ya fasa matatar, man ya tsiyaye, inji ya ƙone kana cikin daji. Farantin ƙarfe na ƙarƙashin inji shi ne na ɗaya. Na biyu ƙarafunan kariya na gefe, na uku makarin hannu da zai hana hannun birki da na kuloci karyewa in babur ya kwanta. Babur irin wannan ya haura kilo 200, kuma kowa yana kayar da shi, ko a tsaye ne a cikin yashi.

Nan ne Panteka ta shigo. Masu walda da maƙeran Panteka suna da hannu, na ga aikinsu da ya fi wasu kayan da ake shigowa da su. Farantin ƙarƙashin inji da ƙarfen riƙe jaka za su yi maka su da kyau in ka tsaya a kansu. Sharaɗina uku ne. Kada a huda firam ɗin babur, kada a yi masa walda, a bi ramukan notin da kamfani ya riga ya tanada. In dole sai an kunna injin walda a jikinsa, a cire batir tukuna, domin babur ɗinka yana da kwamfutar da ke sarrafa mai, kuma wutar walda tana iya kashe ta. Sannan a kan ƙarafunan kariya, kada ka ce a yi maka mafi kauri. Aikinsu shi ne su lanƙwashe su shanye bugu. In sun fi firam ƙarfi, bugun zai wuce ta cikinsu ya tsaga inda aka ɗaure su a jikin inji, gyaran da ya ninka kuɗinsu sau da yawa. Saboda haka a wannan guda ɗaya na fi son na kamfani da aka auna wa irin babur ɗinka, ko da na hannu ne.

Yanzu wuta, inda aka fi yin ɓarna. Kwayil ɗin babura irin naka yana ba da abin da bai wuce wat 400 ba, shi ma sai inji yana gudu sosai. Famfon mai, kwamfuta, fitilun gaba, fankar lagireto da cajin batir sun cinye mafi yawansa. Lissafin mai sauƙi ne: raba wat da 12, ka samu amfiya. Fitilu biyu na LED masu wat 20 kowace sun zama wat 40, amfiya uku da ɗan ƙari, babur zai ɗauka ba gardama. Fitilu biyu na tsohon ƙwai masu wat 55 sun zama 110, sama da amfiya tara. In ka mai da su huɗu, ka shiga cunkoson Kawo inji yana sululu fanka tana juyawa, to daga batir kake ci, ba daga inji ba. Fitilu biyu masu kyau sun ishe ka.

Yadda aka haɗa su kuwa ya fi su kansu muhimmanci. An taɓa kawo mini wani babur a bayan a-kori-kura daga wajen Pambeguwa, wayoyinsa sun narke sun manne da juna. Wani mai wayarin ne ya feƙe wayar fitilar gaba ya murɗa ta fitilun ƙari a kai, ya naɗe da salatif, ba fiyus. Allah ya kiyaye wutar ba ta kai tanki ba. Abin da za ka nema shi ne a ja sabuwar waya daga batir, a sa fiyus dab da kan batir ɗin, a bi ta rile, wato ɗan makunnin da wuta ke sarrafawa, wanda ba ya kamawa sai an murɗa makulli. Da haka ko ka manta fitila a kunne, kashe babur zai kashe ta. A rufe kowace mahaɗa yadda ruwa ba zai shiga ba, a ɗaure wayar nesa da salansa, a juya kan babur hagu da dama a tabbatar ba ta ja. Ka sa ɗan ƙaramin ma'aunin wuta a gabanka, kuɗinsa kaɗan ne. Inji na gudu ya kamata ka ga tsakanin volt 13.5 da 14.5. In ka kunna komai ya faɗo ƙasa da 13, ka wuce iyaka, rage wani abu.

A ɗaura fitilun ƙasa-ƙasa, a karkata su su kalli titi. Lokacin hazo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, farar fitila mai ƙarfi da aka ɗaga sama ƙura take haskawa ta dawo maka da hasken a ido, shi ya sa na fi son mai ruwan ɗorawa. Kuma direban da ka kashe wa ido a hanya mai hannu ɗaya, kai zai nufo. Jiniya da fitila mai walƙiya ja da shuɗi kuwa na jami'ai ne da motocin asibiti, ka bar su, kada ka ja wa kanka magana da 'yan Kasteliya, masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna, ko jami'an kiyaye haɗurra.

Dogon gilashi sai ka gwada kafin ka saya, don ya danganta da tsawonka. In bakinsa ya tsaya inda bai dace ba, iska za ta riƙa kaɗa maka hular kwano har kanka ya yi ciwo, kuma ya kamata ka riƙa hangen titi ta samansa. Na babur ɗinka ana iya ɗaga shi ko sauke shi, fara da wannan. Salansa mai ƙara ba na ba ka shawararta ko kaɗan. Ƙarfin da take ƙarawa bai taka kara ya karya ba, tana iya sauya yadda inji ke haɗa mai da iska, kuma bayan awa uku a hanyar Kano kunnenka ne zai biya. Ga maƙwabta da za ka tasa in ka yi sammako.

Maƙalin waya yana da amfani, amma ka nemi mai robar da ke shanye girgiza. A shekarar 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa girgizar manyan babura tana iya lalata kyamarar iPhone. Mutane da yawa tsohuwar waya suke ɗaurawa don taswira, mai tsadar tana aljihu. Wurin cajin ma ya bi ta makulli.

Akwai abu guda da ba ya cikin jerinka kuma ya fi rabinsu amfani. Tayoyinka ba su da tib, don haka kayan toshe huji da ɗan famfon iska mai aiki da batir za su fitar da kai daga inda babu mai faci.

Ka riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya. In an ɗaura, ka loda kayan da za ka yi tafiya da su, ka je Zariya ka dawo, kusan kilomita 80 kowace fuska. Da haka in wani abu ya sauya a tuƙi, ka san mai laifi. In ka dawo gida inji ya huce, bi kowane noti da sifana ka sake ɗaurewa, musamman na farantin ƙasa da na ƙarfen jaka, don su ne girgiza ke fara sassautawa.