Ki lissafa hutun haihuwa kafin ki lissafa sabon albashi

Ƴar'uwa, na ga tambayarki: ciki wata huɗu, shekara uku kina aiki a wata makaranta mai zaman kanta, yanzu kuma wata ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, ta kira ki da albashin da ya fi naki. Allah ya raba lafiya. Ni ma da ciki na canza aiki a nan Damagaram, shi ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba ki hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan kin sauka. Wannan haƙƙinki ne duk inda kike. Matsalar tana wurin kuɗin. CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, rabin albashi take biya, mai gidan aiki kuma sai kin shekara biyu a wurinsa kafin ya cika miki ɗaya rabin. Ke da kike da shekara uku, a makarantarku cikakken albashi za ki ci kina jego, in dai sun yi miki rajista a CNSS kuma suna zuba kuɗin. Ki je ki bincika da kanki, kada ki tsaya ga faɗar darakta. Ranar da kika ajiye aiki kuwa, shekarun nan sun tafi, a sabon wuri baƙuwa ce ke. Ni rabi na samu, ga hidimar suna, ga icen wankan jego, ga kuɗin garuwa, kin san halin ruwa a garin nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokacin gwaji da suke sawa a farkon kwantaragi. A cikinsa kowa na iya sallamar kowa ba tare da dogon bayani ba, kuma ba wanda zai ce miki saboda ciki ne. Aikin furoje kuma, wato irin shirin da ONG ke gudanarwa, yawanci na ɗan wa'adi ne; in ya ƙare kina gida, sabunta shi sai sun ga dama. Ki tambaya ma ko akwai fita daji, don hanyar ƙauyukan Tanut ko Gure ba ta mai wata bakwai ba ce.

Wasu za su ce ki ɓoye cikin har ki sa hannu. Ban goyi bayan haka ba. Nan da wata biyu zai tona kansa, sai a fara zama da zargi. Ni na faɗa tun ranar tattaunawa, kuma a nan na gane irin mutanen da zan zauna da su.

Da ni ce ke, zan roƙe su ɗaya cikin biyu: ko su ɗaga ranar fara aiki har ki gama arba'in ki warware, ko su rubuta cikin kwantaragi cewa za su biya ki cikakken albashi lokacin hutu. A rubuce, da sa hannu. In sun ƙi duka biyun, ki zauna inda kike ki haihu. Bayan kin koma ma kina da awa ɗaya kullum ta shayarwa har jaririn ya cika shekara guda. Kafin ki sa hannu a komai, ki kai takardar ofishin sufeton ƙwadago su karanta miki ita.