Kun Tambaya: Za mu iya hawa Kilimanjaro a kwana biyar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mu uku ne abokai muka daɗe muna tara kuɗi muna son mu je Tanzaniya mu hau dutsen Kilimanjaro. Wani kamfani ya turo mana farashi kala biyu ta WhatsApp, na kwana biyar da na kwana bakwai, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan bane, ga shi shago baya son a daɗe ba a nan. Ni dai ina buga ƙwallo duk yamma, kuma da na je umara na hau dutsen kogon Hira ban tsaya hutawa sosai ba. Mu ɗauki na kwana biyar ɗin kawai? Daga wani mai karatu a Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar a taƙaice a'a, kar ku ɗauki na kwana biyar ɗin, in kuɗin bai kai ba gara ku ƙara wata uku ko huɗu kuna tarawa. Ina so ka gane dalilin sosai saboda abun ya shafi rai, ba maganar jin daɗin tafiya kaɗai bane.

Kilimanjaro tsayinsa mita 5,895 ne daga saman teku, shi ne mafi tsayi a Afirka gaba ɗaya, ƙololuwarsa ana ce mata Uhuru. Kano da kake zaune bata kai mita 500 ba. Dutsen Hira da ka hau mita 640 da ɗoriya ne, wato duk wahalar da ka sha a can ta ƙafa ce da zafin rana, iskar da ka shaƙa a samansa kusan irin ta ƙasa ce. A Kilimanjaro ba ƙafa ce matsalar ba, hanyoyin da ake bi ba a buƙatar igiya ko wata ƙwarewar hawan dutse, tafiya ce kawai. Matsalar iska ce. Duk sanda ka ƙara sama iskar tana ƙara sirancewa, har idan ka isa can ƙololuwa duk numfashi ɗaya da ka ja kusan rabin iskar oksijin ɗin da ka saba samu a gida yake kawo maka. Kamar mutumin da ya saba cin malmala biyu ta tuwo ne aka koma bashi ɗaya, sannan aka ce ya yi aikin da ya fi na jiya nauyi. Jiki yana iya sabawa, yana ƙara yawan numfashi, jini yana gyara kansa, amma kwanaki yake so, kuma ba a yi masa dole.

Toh yanzu duba yadda na kwana biyar yake. Kusan kullum hanyar Marangu ce ake sayarwa a haka. Rana ta farko za ku tashi daga ƙofar shiga a wajen mita 1,860 ku kwana a Mandara, wajen mita 2,700. Ta biyu ku kwana a Horombo, wajen mita 3,700. Ta uku ku isa Kibo, wajen mita 4,700, ku ɗan kishingiɗa, bacci ma ba lallai ya zo ba, da tsakar dare a tashe ku a kama hanyar ƙololuwa cikin duhu da tocilan a goshi. Kaga kenan kowane dare kana ƙara kusan mita dubu, alhali shawarar likitocin da suka san harkar ita ce idan mutum ya wuce mita 3,000 kar wurin kwanansa ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ninki biyu kenan kullum, babu ranar hutu ko ɗaya. Cikin kwana biyar ɗin nan ma kusan ɗaya da rabi na saukowa ne, hawan duka kwana uku ne da 'yan awanni.

Abun da ke faruwa da mutane da yawa shi ne su isa Kibo da ciwon kai mai tsanani, zuciya na tashi, abinci ya ƙi ciwuwa, a fita da daddare a yi awa biyu uku sai amai, sai jagora ya ce a juya. Wasu suna ƙoƙartawa su kai bakin ramin da ke saman dutsen, wurin da ake kira Gilman's Point, daga nan jiki ya ƙi, alhali saura tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a kai Uhuru. Kuɗin jirgi ya tafi, na biza ya tafi, kuɗin hawan da aka yi wa rowar kwana biyun ma bai dawo ba.

Maganar ƙwallo kuma, wallahi ina so ka ji ni da kyau, ƙarfin jiki baya kare mutum daga wannan ciwon. Hasali ma matasa masu ji da ƙarfi sun fi shiga matsala saboda suna sauri, suna ganin jagora yana tafiya kamar baya so sai su wuce shi. Dattijo mai bin bayan jagora taku ɗaya taku ɗaya yana shan ruwansa sau da yawa shi zai isa. Ƙwallonka zata taimake ka wajen juriya da saukowa, gwiwa ce ke shan wuya a saukowa, amma bata da hannu a yadda jininka zai karɓi ƙarancin iska.

Me ya sa na kwana biyar ya fi araha? Saboda hukumar gandun dajin da dutsen yake ciki tana karɓar kuɗi da dala a kan kowace rana da kowane dare da mutum ya yi a kan dutsen, ga albashin jagora da mai dafa abinci da 'yan dako. Rage kwana shi ne hanya mafi sauƙi ta rage farashi. Ni ba na cewa kamfanin yaudararku zai yi, hanya ce da aka amince da ita kuma akwai masu kaiwa, amma mafi yawan waɗanda take yi wa daɗi mutane ne da suka riga suka saba da tudu kafin su zo. Ku kuwa daga Kano za ku tashi.

Shawarata, in dai Marangu kuke so saboda ita ce ake kwana a ɗakunan katako maimakon tanti, ku nemi ta kwana shida, wadda ake ƙara dare ɗaya a Horombo. In kuna iya kwana a tanti ku ɗauki Machame ta kwana bakwai ko Lemosho ta kwana takwas, waɗannan suna da wani tsari mai kyau, da rana a hau da ku sama sosai sannan a sauko da ku ku kwana a ƙasa da inda kuka kai, jiki ya fi sabawa a haka.

Sannan ku tambayi kamfanin abubuwa kafin ku tura ko sisi. Jagorori nawa za su fita da ku daren hawan ƙololuwa, domin idan ɗaya ne tal kuma ɗayanku ya kasa, dukanku za ku juyo. Suna ɗauke da tukunyar oksijin ta gaggawa? Suna auna oksijin ɗin jini safe da yamma da ɗan abun nan da ake maƙalawa a yatsa? Doka ce a can ba a hawa sai da jagora mai lasisi, kuma ɗan dako an ƙayyade masa kilo 20 na kayan tafiya, toh ku tambayi yadda suke biyansu da yadda suke ciyar da su. Wannan ya dame ni gaskiya, mutanen nan su ke ɗaukar ruwanka da abincinka da wurin kwananka a ka su wuce ka a hanya, idan farashi ya yi arha fiye da kima yawanci daga bakinsu aka cire. Ku ware musu kuɗin ihsani na ƙarshen tafiya tun daga gida, al'ada ce a can kuma suna dogara da shi.

Abu ɗaya kuma ku yi alkawari a kai ku uku tun kafin ku bar Kano. Duk wanda ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko magana ta fara rikice masa, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari da kumfa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, kar a ce bari gari ya waye, kar a ce saura kaɗan. Alamun kumburin ƙwaƙwalwa ne ko taruwar ruwa a huhu, suna kisa cikin awanni, kuma babban maganinsu saukowa. Shi mai ciwon sau da yawa shi zai fi kowa cewa lafiyarsa ƙalau, shi ya sa sai an yi alkawarin da wuri.

TAMBAYA: Maigidana yana cikin masu son irin wannan tafiyar, amma shi AS ne, bai taɓa ciwon sikila ba ko sau ɗaya. Akwai damuwa? Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja.

AMSA: 'Yar'uwa kin kyauta da kika yi wannan tambayar, don takardun da kamfanonin ke turowa ba kasafai suke kawo ta ba, mu kuwa a nan kusan kowane gida akwai mai AS. Eh akwai damuwa. Mai SS ko SC kam kar ma ya fara, ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma duka ukun suna can. Mai AS yawanci yana rayuwarsa lafiya, amma a tudu mai tsayi an san yana iya samun toshewar jini a saifa, alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokacin har kafaɗar hagu, kuma yana iya zuwa wa mutumin da bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa. Ba kowane mai AS bane zai same shi, amma ba abun da za a yi caca da shi bane a inda asibiti yake da nisan yini. Ya je ya ga likitan jini, akwai su a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ya faɗa masa ainihin tsayin da zai hau da lamba, mita 5,895, kar ya ce kawai zai je yawon buɗe ido. A nan ne kuma zai tambayi maganar ƙwayar Diamox da wasu ke sha don taimaka wa jiki sabawa, kar ya saya a kemis ya sha da kansa. Su ma abokan tafiyarsa in akwai wanda bai san ko shi AA ne ko AS ba ya je a gwada, haka mai hawan jini ko asma ko ciwon suga.

TAMBAYA: Yaya ake yi da sallah a can, kuma wane irin kaya ake sawa? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

AMSA: Matafiyi ne kai, akwai sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, akwai taimama idan ruwa zai cutar da kai, ka zauna da malaminka ya warware maka hukuncin kafin ka tafi. Abun da zan tuna maka shi ne alƙibla a can ba gabas bace yadda muka saba, Makka tana arewa da Tanzaniya, arewa za ka fuskanta. Asubar daren hawan ƙololuwa a kan gangare zata riske ku cikin sanyin da ke iya kaiwa digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili, ruwan gora ma daskarewa yake, toh ka faɗa wa jagora tun da wuri cewa za ka tsaya, ka kuma faɗa wa mai dafa abinci halal kake ci. Kar a haɗa hawan nan da azumi, ana so mutum ya sha lita uku zuwa huɗu na ruwa kullum.

Kaya kuwa, sanyin hunturun Kano ba ma'auni bane. Ana sa su ne hawa hawa, na ciki mai kama jiki wanda ba auduga ba, sai suwaita, sai jaket mai kauri, sai mai hana ruwa da iska a sama, ga safar hannu da hular sanyi da baƙin gilashi saboda hasken rana a can sama yana cutar da ido. Da yawa daga cikinsu za ka samu a gwanjo a Ƙofar Wambai in ka yi haƙurin tonawa, jakar bacci da babbar jaket kuma ana bada haya a garin Moshi da ke gindin dutsen. Takalmi ne kaɗai ba na so ka yi haya, ka saya da wuri ka ta hawa Dala da Goron Dutse da shi har ya saba da ƙafarka. Kar ka cusa kayanka a leda, Tanzaniya ta haramta ta tun 2019. Ka tafi da katin rigakafin cutar shawara, ka fara neman biza da wuri kar ka dogara da samunta a filin jirgi, kuma ka kauce wa Afrilu da Mayu, daminarsu ce mai ƙarfi. Janairu zuwa Fabrairu ko Yuni zuwa Oktoba sun fi.

TAMBAYA: Mu da bamu da dala fa, babu wani a kusa? Daga wani matashi a Kurna.

AMSA: Akwai sosai. Dutse mafi tsayi a Najeriya shi ne Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, mita 2,419, a jihar Taraba kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Tafiyar kwanaki ce da ƙafa, da jagora da 'yan dako, da kwana a tanti, kuma a wannan tsayin ciwon ƙarancin iska ba kasafai yake damun mutum ba. Da rani ake zuwa, wajen Disamba zuwa Maris, saboda da damina koguna suna cika hanya ta lalace. Ofishin gandun yana garin Serti, ta nan za ku nemi izini da jagora, kuma ku tambaye su halin tsaro a hanya a satin da za ku tafi, kar ku dogara da labarin wanda ya je bara. In kwana biyu kawai kuke da shi, duwatsun Shere a gefen Jos sun haura mita 1,800, ku nemi ɗan gari ya raka ku, ku fita da sassafe ku dawo kafin la'asar.