Mata-maza da masu sauya jinsi: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ta haihu yau kwana huɗu, amma ungozoma ta kasa ce mana namiji ne ko mace. Akwai abu kamar ƙaramin azzakari, sai dai ba a ji 'ya'yan maraina ba. Dangi sun matsa a yanke hukunci. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ku ajiye maganar namiji ko mace tukuna, ku kai jaririn nan wurin likitan yara yau ɗin nan. Jaririn da al'aurarsa ta rikice kuma ba a ji maraina ko ɗaya ba, abin da likita ke fara zargi shi ne larurar da ake kira CAH, wadda kan yi kisa a mako na biyu ko na uku in ba a gano ta ba.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da sinadarai biyu: kotisol, mai riƙe jiki lokacin ciwo, da aldosteron, mai hana gishiri zubewa cikin fitsari. Mai CAH ya gaji rashin wani sinadari da ake buƙata wajen haɗa su. Sai kayan haɗin su taru, jiki ya karkatar da su ya riƙa yin homon ɗin maza fiye da kima tun a ciki. Idan 'ya mace ce, ɗan-tsakanta ya girma ya yi kama da azzakari, leɓɓan farjin su haɗe su yi kama da jakar maraina wadda babu komai a ciki. Amma mahaifarta da ma'ajiyar ƙwanta suna nan lafiya lau, kuma da magani tana iya haihuwa in ta girma. Ana samun wannan a kusan haihuwa ɗaya cikin 15,000, kuma kusan uku cikin huɗu na jariran suna zubar da gishiri.

Alamomin da za ku sa wa ido: ƙin kama nono, amai, yawan barci, ramewa, maɗiga ta faɗa, idanu su zurma. A asibiti za a auna gishiri da fotashiyam da sukarin jini, a maimaita awon kwana bayan kwana domin na farko kan fito daidai, a auna wani sinadari mai suna 17-OHP, wanda sakamakonsa ya fi inganci bayan sa'o'i 48 da haihuwa. Za a ɗauki hoton ciki a ga ko akwai mahaifa, sannan a yi gwajin kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke nuna jinsi: XX a mafi yawan mata, XY a mafi yawan maza. In an tabbatar, maganin na tsawon rai ne: haidirokotison, mai maye gurbin kotisol, sau uku a rana gwargwadon girman yaro, da fuludirokotison, mai maye gurbin aldosteron, da ƙarin gishiri kamar giram 1 zuwa 2 a rana lokacin jarirantaka, wanda likita ne zai auna, kada a jiƙa shi da ka a gida. Ranar da yaron ya yi zazzaɓi ana ninka haidirokotison sau biyu ko uku, in kuma yana amai sai allura. Ana iya asarar rai daga baya in aka dakatar da magani don an ga yaro ya murmure.

Ku sani kuma, larurar daga uwa da uba take zuwa tare, don haka kowane ciki na gaba yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ɗa namiji mai ita yakan fito ba wata alama a gabansa, shi ya sa aka fi rasa maza. In an taɓa rasa jariri cikin watan farko da amai a gidan, ku faɗa wa likita. Su kuma dangi, ku ce musu likitoci suna bincike. Jinkirin 'yan kwanaki ya fi a sanar da abin da za a dawo ana warwarewa.

Tambaya: Likita, me ke jawo a haifi mata-maza? Wani abu ne uwa ta ci ko ta yi?

Amsa: Kusan kullum ba laifin uwa ba ne. Har wajen mako na shida da shigar ciki, ɗan tayi namiji da mace siffarsu ɗaya. Mai kuromosom XY yana ɗauke da wata ƙwayar gado, SRY, da ke mayar da gaɓar haihuwa ta zama maraina. Marainan su fitar da testosteron, wato homon ɗin maza, da wani homon da ke hana mahaifa tsirowa. Fatar al'aura kuma ta juya testosteron zuwa wani nau'i mafi ƙarfi, wanda shi ke gina azzakari da jakar maraina tsakanin mako na 8 da na 12. Kowane mataki a nan yana iya samun tangarɗa: homon ya yi kaɗan, ko ya yi yawa, ko jiki ya ƙi jin sa. Abin da ke zuwa daga uwa kaɗan ne, kamar shan magani mai homon ɗin maza da ciki.

Jariran da ake kasa tantance jinsinsu da ido sun kai kusan ɗaya cikin 4,500 zuwa 5,500. Za ku ci karo da alƙaluman da suka yi hannun riga: Anne Fausto-Sterling ta ce kashi 1.7 cikin 100 a shekarar 2000, Leonard Sax ya mayar mata da martani a 2002 ya ce kashi 0.018. Saɓanin a kan wa za a ƙirga ne. Ita ta haɗa har da masu larurorin da al'aurarsu ba ta nuna komai, shi kuma ya tsaya ga waɗanda siffarsu ta rikice ko ta saɓa wa kuromosom ɗinsu.

Tambaya: Shekaruna 17, ƙirjina ya fito kamar na kowace budurwa amma ban taɓa ganin al'ada ba. An yi mini hoto an ce ba a ga mahaifa ba. Likita, ni mace ce kuwa?

Amsa: 'Yata, kin yi daidai da kika je asibiti. Duk yarinyar da ta kai 15 ba ta fara al'ada ba ya kamata a duba ta. Abu biyu ne suka fi kawo irin hotonki. Na farko, mace mai XX da ma'ajiyar ƙwai lafiyayya, amma mahaifa da saman farji ba su tsiro ba. Wannan na faruwa ga kusan ɗaya cikin 4,500 zuwa 5,000. Na biyu, mai XY wadda jikinta ba ya jin homon ɗin maza ko kaɗan. Akwai maraina a ɓoye cikin mara ko a matsematsi, suna fitar da testosteron, jiki ya ƙi amfani da shi ya mayar da wani ɓangare istirojin, wato homon ɗin mata, shi ne ƙirji ya fito. Abin da ke bambanta su da ido shi ne gashi: ta biyun ba ta da gashin gaba da na hammata, ko kuma ɗan tsiraru ne, kuma sau da yawa an taɓa yi mata aikin ƙaba tana ƙarama. Gwajin kuromosom da awon testosteron su ne za su raba gardama.

Ko wanne ne, jikinki a mace ya ginu, a mace kika tashi, kuma kusan duk masu wannan larura mata suke jin kansu har ƙarshen rayuwa. Takardar gwaji ba ta sauya wannan. Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce ɗaukar ciki ba zai yiwu ba in babu mahaifa. Zaman aure kuwa yana yiwuwa. In farjin gajere ne, ana fara faɗaɗa shi da wasu 'yan sanduna masu girma daki-daki, na 'yan mintuna kullum har tsawon watanni, kuma yawanci ba a kai ga tiyata. In na biyun ne, marainan ba a gaggauta cire su, ana tattaunawa da ke bayan balaga saboda haɗarin ciwon daji yana ƙaruwa da shekaru. Wadda aka cire wa kuma dole ta riƙa shan istirojin, in ba haka ba ƙashinta zai yi rauni.

Tambaya: An haifa mana ɗa, ƙofar fitsarinsa tana ƙarƙashin azzakari maimakon a kai. A yi masa kaciya?

Amsa: A'a, Malam, kada a yi. Fatar da za a yanke da ita likitan tiyata zai gyara hanyar fitsarin, yawanci tsakanin wata 6 zuwa 18. Abu ne da ake gani a ɗaya cikin maza 200 zuwa 300, kuma mafi yawansu maza ne ba wata tantama. Sai dai in bayan wannan akwai maraina da bai sauko ba, a yi gwajin kuromosom da na homon kafin komai.

Tambaya: Likita, masu sauya jinsi da muke gani a labarai, su ne mata-maza ɗin?

Amsa: Ba su ba ne, kuma cakuɗa su yana cutar da kowane ɓangare. Mata-maza magana ce ta jiki: kuromosom, gaɓoɓin haihuwa, homon, al'aura. Ana gani, ana aunawa. Wanda ake kira mai sauya jinsi kuwa, a mafi yawan lokuta in ka gwada shi komai na jikinsa daidai yake da jinsin da aka rubuta masa ranar haihuwa. Abin da ya bambanta shi ne yadda ya san kansa: an haife shi namiji amma ya daɗe yana jin shi mace ce, ko akasin haka, ko ba ya jin ɗayan biyun ya dace da shi. Kalmar ta shafi mutum ko bai sha magani ba, ko ba a taɓa yi masa tiyata ba. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da shi, kuma bincike bai gano dalili guda da za a nuna da yatsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtuka na 11 da aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022, ta bayyana shi da saɓani mai ƙarfi kuma mai ɗorewa tsakanin jinsin da mutum ke ji da wanda aka ba shi. Ta cire shi daga babin taɓin hankali ta kai shi babin lafiyar jima'i. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya fi mayar da hankali kan ƙuncin da saɓanin ke jawowa, ya kuma sa sharaɗin ya kai aƙalla wata shida. Haka nan wannan daban yake da maganar wanda mutum ke sha'awa. Ɗaya tambaya ce ta "wane ne ni", ɗayar ta "wa nake so".

Inda hanyoyin biyu ke haɗuwa ɗan kaɗan ne. Akwai yara masu XY da fatarsu ba ta iya juya testosteron zuwa nau'in nan mai ƙarfi, sai a haife su da siffar mata a raine su a mata. Da balaga ta zo, murya ta buɗe, azzakari ya girma, maraina su sauko. Julianne Imperato-McGinley ce ta yi bayanin wannan a 1974 daga wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika, kuma fiye da rabin irin waɗannan yara sukan koma rayuwa a maza. Irin wannan ne ya sa likitoci suka ja baya daga tsarin masanin halayyar ɗan'adam John Money na shekarun 1950, wanda ya ɗauka in an yi wa jariri tiyata da wuri aka raine shi a jinsi ɗaya to shi ke nan. A ganina tiyatar da za ta buɗe hanyar fitsari ko ta ceci rai ba ta jira, amma wadda don kyan gani kawai za a yi, abin da aka yanke ba ya dawowa. Malta ta hana irin wannan tiyata ba da yardar mai jikin ba a 2015, Jamus ta bi sahu a 2021.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara biyar ya fi son wasa da 'yan mata da kayan wasansu. Ya zama mai sauya jinsi ke nan? Akwai allurar da za ta gyara shi?

Amsa: Hajiya, wasa kaɗai ba ya nuna haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa ɗabi'a ko zaɓin kaya su kaɗai ba hujja ba ne, kuma ga yaro sai saɓanin ya ɗore kamar shekara biyu, yana ƙin jikinsa yana dagewa shi ɗayan jinsin ne. Kada ki yarda kowa ya yi masa allurar testosteron. Ba ta sauya tunani, sai dai ta jawo balagar wuri ta rufe ƙashi, yaro ya tsaya gajere. Duka da kunyatarwa ma ba sa sauya komai, sai su koya masa ɓoye miki damuwarsa.

Ko ga matasan da saɓanin ya tabbata, likitoci ba su zama baki ɗaya ba. Manyan ƙungiyoyin likitocin yara da na homon a Amurka suna goyon bayan maganin dakatar da balaga bayan tantancewa. Ingila kuwa ta daina bayar da shi a asibitocin gwamnati yadda aka saba a 2024, shekarar da rahoton Dakta Hilary Cass ya ce hujjojin amfaninsa suna da rauni. Suwidin da Finland ma sun taƙaita. Dokoki kuma sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne cewa irin waɗannan matasa sun fi sauran fuskantar ciwon damuwa da tunanin kashe kai. In kika ga yaro ya daina cin abinci, ya ƙi makaranta, yana keɓe kansa ko yana ji wa kansa ciwo, ki kai shi wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa ba tare da jira ba.

Tambaya: Wani abokina yana sayen ƙwayoyin homon na mata yana sha ba tare da likita ba. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, sosai. Istirojin, musamman irin wanda ke cikin ƙwayoyin tsarin iyali, yana iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, kuma shan taba yana ƙara haɗarin. Ƙirjin da ya fito ba ya komawa ko an daina, ƙwayoyin haihuwa kuma suna raguwa, wani lokaci har abada. Wasu kan haɗa da maganin sifironolakton, wanda ke tara fotashiyam a jini har ya rikita bugun zuciya. Ka ce masa ya faɗa wa likita sunan abin da yake sha da adadinsa, a auna masa hawan jini da aikin hanta da ƙoda da fotashiyam. In ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke shi, a kai shi sashen gaggawa nan take.