Amsar Malam kan bidiyon darussa na intanet (muryar da aka rubuta wa 'yan gurup)

Salamu alaikum jama'a. Malama, na ji saƙonki, kuran ne aka ɗauke mana a Birni waya ta mutu. Kin ce an nuna muku wani shafi mai bidiyon darussa haɗe da rubutun duk abin da aka faɗa a aji, wai ko zai ishe ki aikin memuwar ɗinki, wato kundin bincikenki na kammala karatu. To ni abin da na ji a tambayar, so kike ki huta da zaman bayan aji da kaye a cinya. Ba za ki huta ba, ƙanwata. Amma ki buɗe shi, akwai abin ɗauka.

In na TIMSS ne, wato binciken ƙasa da ƙasa kan karatun lissafi da kimiyya, na san shi. Binciken 1999 ne, ƙasashe 7: Amurka, Japan, Ostareliya, Holan, Suwizalan, Cek da Hong Kong. Darussan lissafi 638 suka ɗauka, na yara sa'annin 'yan katiriyem ɗinmu. Amma kar ki sa ran ganin duka, kaɗan suka saki wa jama'a, na lissafi huɗu-huɗu kowace ƙasa. Akwai kuma TalkBank na jami'ar Carnegie Mellon, can ma rubutun a ɗaure yake da bidiyon, kin taɓa layi sai ya kai ki daidai wurin. Ki fara sauke rubutun, shi ba ya cin mega. Bidiyon sai dare, in rezo ya yi hankali.

Kuma kar ki zauna kina kallo kamar fim. Ki ɗauki minti goma kawai. Malam ya yi tambaya, yaro ya amsa, to me malam ya ce bayan nan? Wannan magana ta ukun, ita za ki bi. Tun 1975 Sinclair da Coulthard a Ingila suka nuna yawancin zancen aji haka yake tafiya: tambaya, amsa, hukunci. In malam ya ce "daidai, zauna", ya kashe zancen. In ya ce "ta yaya ka samu?" ko "wa bai yarda ba?", to muhawara ta tashi. Ki ƙirga kowanne. A binciken TIMSS ɗin sun tarar ko a ƙasar da yara suka fi samun baki, kalma takwas malam ke yi kafin yara su yi ɗaya, a Hong Kong har 16. Sai dai ki lura, rubutun fassara ce zuwa Ingilishi, ba bakin malamin Japan kike karantawa ba.

Sannan shiru. Wannan kam yana ci min rai. Wata Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta auna tun wajen 1972, ta ga malamai sakan ɗaya suke jira bayan tambaya. In suka kai sakan uku, amsa ta yi tsawo, yaran da ba sa ɗaga hannu su ɗaga. Ni fa a kan wannan wani ansfekta ya taɓa rage min maki. Na yi tambaya na tsaya, yara na tunani, shi yana duba agogo. Ya rubuta wai ajina ba rai. Ba rai! Shi rai a wurinsa a ce "kun gane?" yara su ɗauka gaba ɗaya "wi mushe!" har kwanon rufi ya amsa. Yarinyar da ta ba da amsa bayan shirun nan, ba ta taɓa buɗe baki ba tun buɗe lekol, amma bai rubuta wannan ba. Har ya ce in je in ga yadda wane ke yi, wane ɗin da in ka tsayar da yaransa ɗaya-ɗaya... a bar shi dai, Allah ya ji ƙan na gaba.

Ina nake? Yawwa. Abin da ya sa na ce bai ishe ki ba: babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Babu ajin zana, babu yara huɗu a benci guda, babu malamin da zai yi bayani da Faransanci ya ga ido ya raina fata ya koma Hausa, yaro a baya kuma yana raɗa wa ɗan'uwansa da Barbarci. Makirfo ma a jikin malam yake, raɗar bayan aji ba ta cika shiga rubutu ba, alhali mu nan rabin karatun a can ake yinsa.

Don haka ki koyi ƙirgan a nasu, ki zo ki yi namu. Ki nemi izinin darakta da mai ajin, murya kaɗai ki ɗauka, ban da fuskar yara, ban da sunayensu. A'a, minti goma ma ya yi yawa a farko, rubuta shi zai cinye miki yamma guda. Yi biyar, ki sa alama duk inda aka sauya harshe da inda aka amsa a tare. Ki turo min in duba kafin zaman CAPED ɗinmu, taron malamai na ƙara wa juna sani, sai in ga ko za mu karanta shi da sauran malamai.