Amsar muryar da aka tura wa ƙanenmu na Maamobi kan kwamfutar da ke sumewa

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce sabar ofishinku tana kan KVM, tsarin Linux da ke ba na'ura ɗaya damar gudanar da wasu kwamfutoci na manhaja a cikinta, akwai irin waɗannan kwamfutocin ciki guda uku a kanta, ɗaya mai Ubuntu 22.04 ita ce ke sandarewa duk daren da ta fara kwashe bakof, kuma abin ya soma ne bayan ka yi mata sabuntawa. Yanzu kana so ka yi fomat ka sake zuba komai. Don Allah ka dakata. In ka goge ta ka goge shaida, kuma sabon zubin zai janyo kenel ɗin nan dai da ya kayar da kai, wato zuciyar manhajar Linux.

Na ga wasu a nan sun ce dumso ne, wato ɗaukewar wutar lantarki, wani ya ce ka je kasuwar Circle ka sayo ram. To, dumso dai ba ya zaɓe. In wuta ta ɗauke, mai masauki, wato sabar, da baƙinsa, wato kwamfutocin ciki, duka za su kwanta, kai kuwa ka ce sauran biyun suna aiki lafiya lau. Maganar ram za mu zo kanta, amma kada ka kashe ko sidi ɗaya na kuɗinka tukuna.

Abu na farko, mu san wa ya mutu. Idan ta sake sumewa, kafin ka taɓa komai, hau kan mai masaukin ka buga virsh list --all. In ka ga an rubuta paused, duba diskin mai masaukin, sau da yawa cika ya yi, QEMU, manhajar da ke gudanar da baƙon, ya tsayar da shi don kada a yi ɓarna. In ka ga shut off, buga dmesg a kan mai masaukin ka nemi layin Out of memory, wato ram ya ƙare, kenel ɗin mai masauki ya kashe QEMU da kansa. Ka leƙa kuma /var/log/libvirt/qemu, fayil mai sunan na'urar. Amma in ka ga running alhali ba ta amsa komai, yauwa, matsalar tana cikin baƙon ne.

Nan ne nake so ka buɗe kunne da kyau. Ka ce ka duba journalctl -b -1, wato bayanan da na'urar ta rubuta kafin ta faɗi, ba ka ga komai ba, rubutu ya yanke kawai a tsakiyar dare. Haka ya kamata ya kasance. Lokacin da kenel ya firgita, ba ya yarda da kansa ya sake rubuta abu a diski, tsoron kada ya lalata maka fayiloli. Bayaninsa na ƙarshe yakan zubo shi ne a allo, allon da babu mai kallo ƙarfe biyun dare. Aikinka shi ne ka ajiye masa mai saurare. Shiga /etc/default/grub a cikin baƙon, a layin GRUB_CMDLINE_LINUX ka ƙara console=tty0 console=ttyS0,115200, ka buga update-grub, ka sake kunnawa. Sai ka koma kan mai masauki ka buɗe tmux, manhajar da ke riƙe tagar umarni a buɗe ko ka tashi, a ciki ka buga virsh console da sunan na'urar, ka bar shi a buɗe. Kuma ba sai ka jira dare ba, tashi bakof ɗin da hannunka bayan an tashi daga aiki, ka zauna ka gani.

Ku yi haƙuri da ƙarar nan, a bakin titin Nima nake.

To, in ta faɗi, rubutu zai zubo da yawa, kada ya tsorata ka. Nemi layin da ya fara da BUG ko Oops, ko Kernel panic - not syncing. Ƙasa da shi akwai layin RIP, shi ke nuna ainihin wurin da kenel yake tsaye lokacin da ya yi tuntuɓe, kuma in a cikin direba ne, wato manhajar da ke sarrafa wani ɓangaren na'ura, za ka ga sunansa a ƙarshen layin, misali virtio_net na katin sadarwa ko virtio_blk na diski. Sannan Call Trace, hanyar da ya biyo har ya iso wurin. Duba kuma kalmar Tainted. In akwai harafin P ko O a gabanta, akwai direban da ba na cikin kenel ba ne aka cusa, kuma masu gyaran kenel za su ce ka cire shi ka sake gwadawa kafin su saurare ka.

Ka kayar da ita sau biyu ko uku ka gwama. Ram mai ciwo yau zai kayar da kai a nan, gobe a can, ba tsari. In kuwa kullum RIP yana nuna wuri ɗaya, to kuskure ne a rubutun kenel. In ka ga yana yawo, sai mu sa memtest86+, manhajar gwada ram, a kan mai masaukin ya kwana yana gudu.

Zargina yana kan sabuntawar nan. Ubuntu 22.04 ta fito da kenel 5.15, amma wanda ke kan layin HWE, mai karɓar sababbin kenel, an riƙa ɗaga shi har zuwa 6.8. Buga uname -r ka gaya mini. Tsohon kenel yawanci yana nan ba a goge ba. Lokacin kunnawa danna Shift ko Esc, shiga Advanced options for Ubuntu, zaɓi na baya, ka sake tashin bakof. In ta wuce lafiya, ka kama ɓarawonka. Zauna a kan tsohon na ɗan lokaci, amma ba zama na dindindin ba, don gyaran tsaro a sababbin yake zuwa. In RIP ya nuna virtio_net, akwai wata dabara: canza katin sadarwar baƙon zuwa e1000. Zai rage gudu, amma ofis zai yi aiki.

Wani zai ce kdump. E, yana da kyau, a Ubuntu linux-crashdump ake sakawa, ya ajiye hoton ƙwaƙwalwar a /var/crash, sai dai yana ware wani yanki na ram, kuma ban ga ka kai wurin ba tukuna. Haka git bisect, wanda ke raba canje-canjen kenel biyu-biyu don gano wanda ya kawo matsalar, ko sun kai dubu goma gwaji kamar 14 ya isa, amma kowane gwaji sai ka harhaɗa kenel. Wannan sai in masu gyara sun nema, bayan ka kai rahoto da ubuntu-bug linux.

Kafin duk wannan, kashe baƙon ka kwafi fayil ɗin diskinsa zuwa wani wuri. Kuma don Allah kada ka ɗauko mini hoton allo da waya a karkace, kwafo rubutun daga tmux tun daga layin BUG har ƙarshen Call Trace ka manna a nan, tare da abin da uname -r ya ba ka. Bayan Isha'i zan duba, in sha Allahu.